Digiri na biyu a manufofin muhalli da shugabanci: amsa ga mai tambaya daga Gusau

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan asalin Anka ne, ina aiki a Gusau. Na yi digiri na farko a Labarin Ƙasa, na fita da 2:2, kuma shekara 3 ke nan da na gama bautar ƙasa. Ina son yin digiri na biyu a fannin manufofin muhalli da shugabanci, amma abokan aiki suna cewa karatun surutu ne, gara in yi na gwaje-gwajen kimiyya. Me ake koyo a ciki, ina zan nema, kuma wane irin bincike ne zai yiwu a jiharmu da halin da ake ciki?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Tunda daga Anka ka fito, amsar da za ka ba abokan aikinka tana ƙofar gidanku. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare, Sunke da 'Yargalma, bayan likitocin ƙungiyar agajin lafiya ta MSF sun lura da yawan mace-macen yara. Kafin shekarar ta ƙare an san komai ta fuskar kimiyya. An san dutsen zinaren da ake dakawa da niƙawa a cikin gidaje yana ɗauke da dalma, an san ƙurar ce yara ke haɗiya, an auna ƙasar wasu gidaje an samu dalma ta haura kashi 10 cikin 100, an san maganin da ke fitar da ita daga jini, an kuma san cewa ba a fara ba yaro maganin sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasar gidansu an zuba mai tsabta, in ba haka ba aikin banza ne. Aƙalla yara 400 suka rasu. Duk da wannan sani, Bagega, wadda ta fi sauran girma, ba a fara kwashe ƙasarta ba sai 2013, saboda kuɗin da gwamnatin tarayya ta yi alkawari bai fito ba sai farkon wannan shekarar. Wannan jinkirin na kusan shekara uku ba a ɗakin gwaji matsalarsa take ba. Wa ke da alhakin biya, ma'aikatar ma'adinai, ta muhalli ko ta lafiya? Jiha ko tarayya? Ta wace hanya kuɗi ke fita daga baitulmali ya isa ƙauye, kuma a wane tebur yake maƙalewa? Amsa waɗannan tambayoyi da hujja shi ne karatun da kake son yi.

Don haka ka fara sanin bambancinsa da maƙwabtansa, domin sunayen kwasa-kwasan suna kama da juna kuma mutane da yawa sai sun biya kuɗin makaranta suke gane sun shiga wani ɗaki daban. Kimiyyar muhalli tana auna abin da ke cikin ruwa, ƙasa da iska. Kula da muhalli yana koyar da yadda ake tsara aiki da rage ɓarnarsa. Manufofi da shugabanci kuwa yana bin sawun hukunci ne: wa ya yanke shi, da wane iko, wa ya amfana, wa ya ɗauki asara, kuma me ya sa dokar da ke rubuce ba ta aiki a ƙasa. Kada ka dogara da sunan kwas. Ka nemi littafin darussan sashen ka ƙirga: in babu darasi ko ɗaya a kan dokar muhalli, nazarin manufofi, tattalin arzikin albarkatu da hanyoyin binciken zamantakewa, ba wannan fannin ba ne ko da an liƙa masa sunan.

Abin da za ka fi shan wuya a kai a zangon farko shi ne doka, kuma shi ya fi amfani. Sashe na 20 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ɗora wa gwamnati kare muhalli, amma yana cikin Babi na 2, wanda sashe na 6(6)(c) ya hana a kai ƙara kotu a kansa kai tsaye. Sashe na 44(3) ya damƙa dukkan ma'adinai a hannun tarayya. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 kuma ta damƙa filaye a hannun gwamna, tare da ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin gargajiya a karkara. To ka duba ramin zinare guda a Maru: abin da ke ƙarƙashin ƙasa na Abuja ne, fuskar ƙasar tana hannun Gusau, manomin da ya gaji gonar yana ganin tasa ce, uban ƙasa da hakimi su ne ake zuwa wa kafin a sa diga, yaron da ya kamu da ciwo kuma asibitin matakin farko za a kai shi. Dokar Ma'adinai ta 2007 ta yi ƙoƙarin ɗinke wannan ɓaraka. Ta tanadi kwamitin albarkatun ma'adinai da kula da muhalli a kowace jiha, wanda ake kira MIREMCO, ta wajabta wa mai lasisin haƙa ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara aiki, ta kuma buƙaci amincewar mai fili. Ko kwamitin yana zama, sau nawa, da kuɗin wa, wannan tambaya ce da ta isa kundin digiri guda.

Haka za ka karanta Dokar Tantance Tasirin Ayyuka ga Muhalli ta 1992, da dokar da ta kafa NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli, a 2007, da Dokar Sauyin Yanayi ta 2021, da tarihin da ya haifar da su tun daga jibge sharar guba a garin Koko da ke Jihar Delta ta yanzu a 1988. Ka riƙa karanta jadawalin da ke ƙarshen doka, domin a nan sirrin yake. Misali, a dokar 1992 haƙar ma'adinai da ta wajaba a yi mata cikakken nazari ita ce wadda filinta ya haura hekta 250. Ramukan masu haƙar gargajiya ba su kai ko kusa ba, ga shi kuwa su ne suka jawo annobar 2010. Ɗalibin da ya iya hango irin wannan giɓi ya fara zama masani.

Sai ɓangaren nazariyya. Za a haɗa ka da muhawarar da Garrett Hardin ya tayar a 1968, cewa duk abin da jama'a suka yi tarayya a kai ƙarshensa lalacewa, da martanin Elinor Ostrom, wadda ta samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009 saboda ta nuna al'ummomi da yawa suna da ƙa'idojin da suke kare dukiyar tarayya da su. Kada ka haddace wannan kamar karatun allo. Ka ɗauke shi ka gwada a kan Sarkin Ruwan Argungu da hana kamun kifi a kogin Matan Fada har zuwa lokacin biki, ko a kan burtali da mashaya da gandun kiwo da Dokar 1965 ta Jihar Arewa ta tanada, waɗanda gonaki suka cinye da yawansu. A ina ƙa'idar gargajiya ta riƙe, a ina ta karye, kuma me ya karya ta? A ganina ɗalibin Zamfara ko Kebbi ya fi ɗalibin Ingila damar fahimtar Ostrom, in dai ya yarda cewa abin da ya taso yana gani ilimi ne.

Game da inda za ka nema, 2:2 ba ta rufe maka ƙofa ba. Yawancin jami'o'in Najeriya suna karɓar ta a digiri na biyu, tare da kiredit 5 da suka haɗa da Turanci da Lissafi, da takardar bautar ƙasa. Mai digiri mai daraja ta uku ko babbar difloma shi ne ake sa ya fara da difloma ta gaba da digiri. Mafi kusa da kai su ne Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, Jami'ar Bayero ta Kano wadda ke da sashen kula da muhalli da cibiyar nazarin noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Zariya tana cikin jami'o'i 6 da ke da cibiyar SPESSE, shirin da Bankin Duniya ya tallafa don horar da mutane a kan ƙa'idojin muhalli da na zamantakewa, haka ma Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauci. Sau da yawa ba za ka ga kwas da ainihin sunan da kake nema ba. Za ka shiga ta Labarin Ƙasa, Kula da Muhalli, Nazarin Ci Gaba ko Kimiyyar Siyasa, sannan ka karkatar da bincikenka. Shi ya sa malamin da zai duba aikinka ya fi sunan sashen muhimmanci. Ka karanta maƙalu biyu ko uku da ya wallafa a shekarun nan, ka tambayi ɗalibansa na baya wata nawa babi yake yi a teburinsa.

Abu biyu ke kayar da masu nema tun kafin a fara. Na ɗaya, rashin bambance digirin bincike da na ƙwarewar aiki. Na ƙwarewa ana yin sa a ƙarshen mako, ya fi sauƙi ga ma'aikaci, amma jami'o'i da yawa ba sa karɓar sa a matsayin tsanin digiri na uku. In kana da burin koyarwa ko zama dakta, ka ɗauki na bincike ko da zai ɗauke ka shekara biyu ko fiye. Na biyu, takardar sakamakon darussa daga tsohuwar jami'arka. Ka nema tun wata uku kafin a buɗe fom. Ka kuma rubuta neman hutun karatu ta hannun ofishinku da wuri, domin fara karatu ba da izini ba yana hana a lissafa maka shaidar a ƙarin girma.

In waje kake hange, akwai kwasa-kwasai da suka dace sosai, kamar na yanayi, al'umma da shugabancin muhalli a Oxford, da na manufofi da dokokin muhalli a makarantar LSE ta Landan, sai dai irin waɗannan manyan suna neman sakamako sama da naka. Ka faɗaɗa nema zuwa wasu jami'o'in Ingila da Jamus da ke duba gogewar aiki. Tallafin karatu na Chevening na gwamnatin Birtaniya yana neman gogewar aiki ta shekara 2, wato awa 2,800, da alkawarin komawa gida na shekara biyu bayan kammalawa. Shirin DAAD na Jamus na kwasa-kwasan ci gaba shi ma shekara 2 na aiki yake nema. A Afirka akwai cibiyar Jami'ar Tarayyar Afirka da ke Tlemcen a Aljeriya, mai koyar da manufofin ruwa da makamashi. A takardar bayyana manufa kada ka buɗe da cewa sauyin yanayi barazana ce ga duniya, dubban masu nema haka suke rubutawa. Ka buɗe da matsala guda da ka sani da idonka, hukumar da ke da alhakinta, da darasin da ke cikin kwas ɗin da zai ba ka abin da ka rasa.

Yanzu ga inda aikin yake, wato zaɓen batun bincike. Kuskuren da ya fi yawa shi ne take irin "Tasirin haƙar ma'adinai ga muhalli a Jihar Zamfara". Wannan ba tambaya ba ce, kowa ya san amsar, kuma babu wani jami'i da zai canja abin da yake yi saboda ita. Tambaya mai kyau tana da hukunci guda, wuri guda, da lokaci mai iyaka. A Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara, aka ɗage haramcin a Disambar 2024. Me ya faru da niƙan dutse a tsakanin nan: ya tsaya, ko ya koma cikin gidaje inda ba a gani, wato daidai abin da aka sha wahalar fitarwa bayan 2010? Ko ka ɗauki tanadin da ke neman masu haƙar gargajiya su kafa ƙungiyar haɗin kai kafin su samu lasisi: takardu nawa, tafiya nawa, wata nawa ake ɗauka, kuma a wane mataki mutane ke haƙura su koma hannun dillalai? Ko batun zaiba da ake kama zinare da ita, ganin cewa Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Minamata ta taƙaita amfani da zaiba a 2018.

In kana son kauce wa ma'adinai, ruwa yana nan. Madatsar Bakolori da ke kusa da Talatar Mafara an kammala ta a 1978, a 1980 kuma aka kashe manoma da yawa da suka fito neman diyyar gonakinsu. Binciken da W. M. Adams ya yi a shekarun 1980 ya nuna yadda raguwar ambaliyar da aka saba ta rage noman shinkafa da kamun kifi a fadamun da ke ƙasa da madatsar. Yau tambayar ita ce wa ke yanke lokacin sakin ruwa daga Bakolori da Goronyo, ta wace hanya labari ke isa ga manomin Argungu ko Birnin Kebbi, kuma kwana nawa kafin ruwa ya iso. Hukumar lura da ruwa ta NIHSA tana fitar da hasashen ambaliya duk shekara, hukumar hasashen yanayi ta NiMet tana fitar da na damina. Bin sawun wannan hasashe daga Abuja zuwa hukumar agajin jiha, zuwa ƙaramar hukuma, zuwa hakimi, ka nuna inda ya tsinke, aiki ne da za a karanta. Haka shingen itatuwa na Babbar Koriyar Ganuwa, wadda Kebbi da Zamfara ke cikin jihohinta 11: ba yawan dashen da aka yi ba, nawa suka rayu bayan rani uku, kuma wa aka bar wa ban ruwa da tsaro.

Kan hanyar bincike, ga abin da ya ishi digiri na biyu. Ka fara da takardu: dokoki, kasafin kuɗin jiha na shekara 5 zuwa 10 tare da rahoton abin da aka kashe a zahiri, domin abin da aka ware da abin da aka saki ba ɗaya ba ne, sai rahotannin tantance tasiri, waɗanda doka ta sa a baje wa jama'a na kwanakin aiki 21. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukumar tarayya kwana 7 ta amsa buƙata a rubuce, ka ajiye kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Don tarihi, akwai Gidan Adana Takardu na Ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna, da Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Sai hira mai zurfi da mutum 25 zuwa 40 daga kowane ɓangare, da zaman tattaunawa 6 zuwa 8, maza daban mata daban. Wannan rabuwa ba ado ba ce. A ƙauyukan dalma mata ne suka yi yawancin daka a cikin gida, kuma namiji baƙo ba zai shiga ba. In ba ka ɗauki mataimakiya mace ka horar da ita ba, rabin labarin ya wuce ka.

Takardar tambayoyi ita ce inda ɗalibai suka fi zamewa. Ana ɗauko lissafin Yamane na ƙayyade yawan mutanen da za a tambaya a samu mutum 400, a raba takarda a bakin kasuwa ga duk wanda aka gani, sannan a ce sakamakon yana wakiltar jiha. Lissafin yana aiki ne kawai in an zaɓi mutane ta hanyar ƙuri'a daga cikakken jeri. Gara gida 150 da aka zaɓa da tsari daga jerin mai unguwa a ƙauyuka 5, ka kuma faɗi iyakar abin da za su iya nunawa. Ka rubuta tambayoyin da Hausa tun farko, ka gwada su a kan mutum 15, domin "shugabanci" ko "manufa" ba abin da manomi zai gane ba ne sai ka ce masa "wa ake kai wa kuka in ruwa ya ci gona". Ka sa su a manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox, tana aiki a waya ba tare da intanet ba. Ka koyi manhajar taswira ta QGIS da ta nazarin alƙaluma ta R, duka kyauta ne. Hotunan tauraron ɗan Adam na Landsat, da kowane ɗigonsu ke nuna mita 30, za su kai ka baya har tsakiyar shekarun 1980, na Sentinel-2 masu mita 10 sun fara daga 2015. Ka kwatanta hotunan wata guda a kowace shekara, in ka haɗa na Satumba da na Maris za ka ba da rahoton kwararowar hamada alhali bambancin damina da rani ka gani.

Kada ka ɗebi jinin kowa ko ka yi alkawarin magani. Duk binciken da ya taɓa lafiyar mutane yana buƙatar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na jami'a da na ma'aikatar lafiya ta jiha, kuma samun sa yana iya cin wata biyu, ka sa shi cikin jadawali.

Batun tsaro kuwa, ba a yi masa jarumta. Akwai ƙauyukan Anka, Maru da Bukkuyum da bai kamata ka je ba, kuma bai kamata ka tura wani a madadinka ba. Mutumin da ke yawo da waya yana ɗaukar alamar wuri kusa da ramin zinare ana iya ɗaukar sa infoma, haɗarin kuma ba a kansa kaɗai zai tsaya ba, har wanda ya ba shi masauki. Ka shiga ta hannun masarauta da uban ƙasa da wasiƙar jami'a, ka karɓi amincewa da baki in sa hannu zai tsorata mutum, ka maye sunaye da lambobi tun ranar hira, kada kuma ka sa taswirar da ke nuna ainihin rami ko gida a kundinka. Ka tsara hanya ta biyu tun a takardar neman amincewa da batu: hira da waɗanda suka yi hijira zuwa garin Anka ko Gusau, hira da dillalai da ma'aikata a birni, da hotunan tauraron ɗan Adam. A 2021 an rufe layukan waya a jihar na tsawon makonni, wanda duk bincikensa ya rataya a kan kiran waya ya tsaya cik. Ka kuma lura da kalanda: daga Yuli zuwa Satumba hanyoyi suna yankewa, manoma suna gona, an fi samun mutane bayan girbi.

Ta fuskar aiki bayan kammalawa, ban da ma'aikatu, NESREA da koyarwa, ƙofar da ta fi buɗewa ita ce ta manyan ayyukan da ake yi da rancen bankunan raya ƙasa. ACReSAL, aikin farfaɗo da ƙasa da jure sauyin yanayi na dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi a ƙarshen 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja, yana da ofishi a kowace jiha, kuma irin waɗannan ofisoshi suna buƙatar jami'in kare muhalli da jami'in kare al'umma. Ka zauna ka karanta ƙa'idoji 10 na muhalli da zamantakewa na Bankin Duniya da suka fara aiki a 2018, musamman ta 5 a kan karɓar fili da sake tsugunar da mutane, da ta 10 a kan tuntuɓar jama'a da karɓar koke. Tun kana makaranta ka nemi kamfanin da ke rubuta rahoton tantance tasiri ka bi su fili ko da kyauta ne na wata biyu, domin a ganawar ɗaukar aiki rahoton da ka sa hannu a ciki ake tambaya kafin a tambayi makinka.

Kafin a buɗe fom na bana, ka rubuta shafi biyu: tambayarka a jimla guda, hukumar da ke da alhaki, takardu biyar da za ka nema, rukunin mutanen da za ka yi hira da su, da hanyar da za ka bi in ƙauyen bai shigu ba. Ka kai wa malamai biyu a sassa daban-daban, ka ga wanda ya mayar maka da shi da jan biro.